Babi na Bakwai: Tsakanin Gara da Mai Tsire

Ranar Talata, 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya yi wa ƙasa jawabi, ya sanar da ƙirƙiro sababbin jihohi tara. Jigawa na cikinsu, Dutse kuma aka ba hedikwata. Garin da ya kwana yana hedikwatar ƙaramar hukuma ya tashi yana babban birnin jiha, mutanen Haɗeja da suka daɗe suna neman jiha tasu suna kallo. Washegari Laraba jaridu suka fito da labarin, New Nigerian daga Kaduna, Triumph daga Kano, da takwarorinsu na Legas.

Wanda zai shiga Dutse yau yana cigiyar kwafin jaridar wannan Larabar, to ya ɗaura ɗamarar yawo. Ba wai ba a saya ba. Ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka kawo sabuwar jiha, waɗanda da yawansu suka daɗe suna sammako ta Kwanar Huguma ko ta Gaya suna komawa da yamma saboda rashin gidaje, masu karatun jarida ne. Sai dai jarida a ƙasar nan kwana ɗaya take yi tana labari. Daga nan dillali ya bi ofisoshi ya saye ta a kan sikeli, ta koma hannun mai ƙosai da mai balangu. Da magariba in ka tsaya a bakin tukubar mai tsire za ka ga tarin an yayyanka shi gida huɗu-huɗu, an danne da dutse kada iska ta kwashe. Ya zari falle guda, ya zare nama daga tsinke, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa, ya naɗe ya miƙa. Kafin mai saye ya isa gida mai ya ratsa hoton gwamna, rabin jawabin kasafin kuɗi kuma yana hannun wani mai sayen da ya nufi wata unguwar.

A Turai da Amurka tara irin waɗannan takardu sana'a ce mai dillalanta da gidajen gwanjonta. Wasiƙar da Albert Einstein ya rubuta da hannunsa a 1954, inda ya faɗi ra'ayinsa game da addini, an sayar da ita a gidan gwanjon Christie's na New York a Disamba 2018 a kan kusan dala miliyan 2.9. Wadda Francis Crick ya rubuta wa ɗansa a 1953, yana yi masa bayanin abin da aka gano game da ƙwayar halitta, ta haura dala miliyan 6 a 2013. A Dutse ko Kiyawa ko Jahun babu wannan kasuwa, kuma ba lallai ne rashinta ya zama abin baƙin ciki ba. Inda babu farashi, maƙaryata ba su cika damuwa ba. Amma inda babu farashi, magada ma ba su cika damuwa ba, matsalar ke nan.

Duk da haka ƙasar Hausa tana da nata masu tara wasiƙu, tun kafin a san ana sayar da su. Gidan da ya fi kowanne suna a wannan fanni shi ne gidan Wazirin Sakkwato. Da sojojin Ingila suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, sun tarar da tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari. Wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fassara fiye da ɗari daga cikinsu zuwa Turanci, aka buga a Legas a 1927. Wasiƙun sarakuna ne, wannan yana kawo ƙara, wancan yana aiko da gaisuwa, da yawa kuma suna ba da rahoton inda Nasara suka iso. A cikinsu akwai na Sarkin Kano Alu, wanda a wata ya nuna wa Waziri cewa shi bai ga mafita ba sai hijira.

Wannan tari ya shafi mutumin Dutse kai tsaye, ko da bai taɓa taka Sakkwato ba. A tsarin daular Sakkwato, Waziri shi ne ƙofar Kano, ta hannunsa al'amuranta suke isa ga Sarkin Musulmi, Dutse kuwa a lokacin tana ƙarƙashin Kano. Waziri Buharin nan shi ya naɗa Tukur sarautar Kano a ƙarshen 1893 bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman, naɗin da ya haifar da yaƙin basasa. Yusufawa da suka ƙi naɗin suka fice daga birni, a Takai suka yi sansani, nan maƙwabtan Dutse da Birnin Kudu, garuruwan wannan shiyya kuma suka tsinci kansu a tsakiyar rikicin. Mai son sanin abin da manya suka faɗa wa juna a waɗannan shekaru, wasiƙun gidan Waziri zai nema. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya riƙe amanar wannan gado, ya kuma buɗe wa masu bincike. Da takardunsa Murray Last ya gina littafinsa na tarihin daular da ya fito a 1967. Hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi yau.

Wasiƙar wancan zamani tana da kama da ake gane ta da ita. Falle guda ce yawanci, an ninke ta ƙanana yadda manzo zai cusa a aljihu ko a jaka. A sama akwai bisimilla da salati. In daga babban sarki ta fito, ga hatimi nan an buga da tawada, da sunansa da addu'a a ciki. Sai a ce daga wane zuwa wane, a jero gaisuwa da girmamawa gwargwadon matsayin wanda ake rubuta wa, sannan a shiga magana a taƙaice, don sauran bayani yana bakin manzo. Abu biyu da Bature mai tara wasiƙu zai fara dubawa, sa hannu da kwanan wata, galibi babu su. Sarki ba shi yake rubutawa ba, magatakarda ke rubutawa, hatimi shi ne shaida. Don haka masana kan gano shekarun wasiƙa ta sunayen da aka ambata, da abin da ya faru da aka yi ishara da shi, da hannun magatakardan in an san shi.

Ita kanta takardar tana ba da shaida. A ɗaga ta sama a saitin rana, sau da yawa za a ga alamar jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikinta, ba bugawa aka yi ba, tun wajen yin ta aka saka. Wannan takarda daga arewacin Italiya take, fatake suka riƙa ƙetaro da ita Sahara ta Tarabulus da Masar har kasuwar Kurmi. Da tsumma ake yin ta, shi ya sa take da ƙwari. Tawadar kuwa ta gida ce, a jiƙa bagaruwa da kashin maƙera a sa ƙaro, alƙalami kuma na kara ne da aka feƙe. Tawadar da aka cika wa ƙarfe takan ci takarda a hankali, har a ga harafi ya zama huda.

Rashin asalin takarda yakan bar rigimar da ba ta ƙarewa. Lugard, jagoran Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya ce a 1902 ya karɓi wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, ya kuma kafa hujja da ita a wajen magabatansa na London. Fassarar Turancin tana nan a littattafai. Asalin Larabcin kuwa ba a gan shi ba. D. J. M. Muffett, wanda shi ma tsohon jami'in mulkin mallaka ne a Arewa, ya tayar da tambaya a kan wasiƙar a littafinsa na 1964, har yau kuma masana tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Falle guda da hatiminsa da ya kashe gardamar.

A can inda wasiƙa take kuɗi, jabu ne ke cin kasuwa. A Faransa, cikin shekarun 1860, wani mai suna Vrain-Lucas ya sayar wa shahararren masanin lissafi Michel Chasles takardun ƙarya kimanin 27,000, har da wasiƙun da ya ce na sarauniyar Masar Cleopatra ne, kuma da Faransanci aka rubuta su! A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta zuba miliyoyin kuɗi a kan littattafan da aka ce na sirrin Hitler ne, bincike ya nuna takardar da tawadar duk na bayan yaƙi ne. Mai neman takardu a Jigawa bai kai ga wannan haɗari ba tukuna. Nasa haɗarin shi ne kwafi da ake ɗauka asali ba da niyyar cuta ba: almajiri ya kwafe wasiƙar da malaminsa ya gada don kada ta ɓace, bayan shekara hamsin jikoki su rantse cewa hannun mai ita ne.

To ina takardun Dutse kanta suke? Yawancin na hukuma sun bi hanyar da haraji ya bi. Sarkin Dutse hakimi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano a duk zamanin Turawa, rahotonsa Kano yake tafiya, na Di'o ya tafi wajen Razdan, na Razdan ya wuce Kaduna. Shi ya sa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, in zai rubuta tarihin garin da yake zaune a ciki, sai ya hau mota zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ya nemi fayilolin Lardin Kano, inda rahotannin ƙidayar haraji da na rangadin gundumomi suke. Daga nan ya leƙa Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar bincike a 1970, ya dawo Kano ya shiga Gidan Ɗan Hausa. Wani abin ma sai Oxford, inda takardun Lugard suke. A 1991 an raba ma'aikata da motoci da kujeru tsakanin Kano da Jigawa, amma tarihin da aka rubuta tare ba ya rabuwa ta haka.

Abin da ya rage a gida shi ne wanda hukuma ba ta taɓa ƙirgawa ba, kuma shi ya fi yawa. Yana cikin gafakar malamai da kundinsu, yana cikin adakar tsofaffin dagatai da malaman haraji da muhutan alƙalai, a Garu da Birnin Kudu da Gwaram da Ringim. In aka buɗe irin wannan adaka, abin da ke fitowa ba jerarre ba ne. Ga takardar sayen gona da ajami da sunayen shaidu. Ga rasit na haraji da na jangali, waɗanda suka zama kayan tarihi tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano a 1979. Ga wasiƙar alhajin da ya tafi Makka ta ƙasa ya aiko daga Sudan, ga ta soja daga Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, wadda wani ya rubuta masa wani kuma ya karanta wa mahaifiyarsa. Ga katin jam'iyyar NEPU mai tauraro, wanda a shekarun 1950 mallakarsa kaɗai kan iya jawo wa talaka fushin hakimi. Gidan Mambayya a Kano yana adana kayan Malam Aminu Kano, amma wasiƙun da suka fita daga hannunsa zuwa ga magoya baya a karkara suna wajen waɗanda aka aika wa, ko wajen 'ya'yansu, in gara ta bari.

Ranar rabon gado ita ce ranar da irin wannan tari yake mutuwa. Gona tana da mai so, gida yana da mai so, littattafan addini akan ba wanda ya yi karatu a cikin 'ya'ya. Tarkacen takardu kuwa ba su shiga lissafi. Wani lokaci girmamawa ce ma take kashe su: an ga rubutun Larabci, ana tsoron kada sunan Allah ya faɗi a ƙasa a taka, sai a ƙona ko a binne, alhali takardar ajami ce da ke bayanin iyakar gona ko bashin gyaɗa. Wanda ya tsira daga wannan sai ya gamu da damina. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rusa ɗakunan ƙasa masu yawa a Jigawa, an ƙirga gidaje da gonaki da rayuka, ba wanda ya ƙirga adaka.

Jaridu sun fi wasiƙu shiga haɗari, ko da yake sun fi su ƙuruciya nesa ba kusa ba. Takardar jarida da itacen da aka niƙa ake yin ta, tana ɗauke da sinadarin da ke sa ta yi ja ta bushe in ta sha rana da zafi. Wasiƙar 1890 mai jinjirin wata uku za ka iya ninke ta ka buɗe ba ta yi komai ba. Jaridar 1990 da ta kwana a ɗakin kwano shekara talatin, kana ɗaga ta gefenta yake zubewa.

Ga shi kuwa abin da ke cikinsu babu shi a wani wuri. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairu 1939, Abubakar Imam yana edita, Rupert East yana kula da aikin, ana sayar da ita kwabo guda. Har ƙaramin shafi na ajami aka riƙa saka mata, 'Yar Gaskiya, don waɗanda ba su iya boko ba. Filin wasiƙunta shi ne wurin da malamin makaranta da akawun En'e da ɗan kasuwa suka fara yi wa hukuma magana a bainar jama'a da Hausa. Imam kansa marubucin wasiƙa ne: bayan ya gana da Lugard a Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya rubuta masa doguwar wasiƙa a kan halin da Arewa take ciki. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Zumunta ta Bauchi. Ta Lardin Kano ita ce Sodangi, ita ce kuma ta shiga azuzuwan manya na ƙasar Dutse. An yi su ne don sababbin makaranta su karanta su yar, haka kuwa aka yi. Wanda ke da Sodangi ko guda ɗaya a gida yana riƙe da abin da manyan ɗakunan karatu suke nema.

Na baya-bayan nan ma ba su tsira ba. Gwamnatin Rimi ta kafa kamfanin Triumph a 1980, daga baya ya riƙa fitar da Albishir da boko da Alfijir da ajami. A 1981 Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, har da na Dutse, ya fitar da su daga ƙarƙashin Sarkin Kano, Sabo Bakin Zuwo ya zo a 1983 ya soke. Duk wannan taƙaddama a shafukan jaridun lokacin take, kowace da ɓangaren da ta ɗauka, Triumph tana bayan gwamna, wasu suna bayan fada. A tarzomar 10 ga Yuli, 1981, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta, ofishin Triumph da gidan Rediyon Kano suna cikin wuraren da aka cinna wa wuta. A 2012 gwamnati ta rufe kamfanin na wasu shekaru, New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo su ma suka durƙushe a wajen wannan lokaci. Kamfanin da ya kasa biyan albashi ba ya sayen maganin gara don ɗakin ajiyarsa. Sau da yawa kwafin da wani tsohon hedimasta ya jera a ƙarƙashin gado ya fi na kamfanin cika.

Mai son shiga wannan harka ba ya buƙatar jari mai yawa, amma akwai ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Ta farko ita ce kai tsohuwar takarda shagon kwamfuta a manne ta cikin leda da zafi. Ta yi kyau a ido, amma an gama da ita, don ba za a sake ciro ta a duba jikinta ba, zafin da gam ɗin kuma suna ci gaba da cin ta a ciki. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru ya bar tabo ruwan ƙasa ya ɗauke tawada. Abin da ya fi shi ne a buɗe ninkin a hankali, a cire ƙusar ƙarfe da ta yi tsatsa, a sa kowace tsakanin farar takarda mai tsabta, a ajiye a akwatin ƙarfe a kan benci nesa da bango da ƙasa, a riƙa dubawa kafin damina da bayanta. A ɗauki hoton gaba da baya da waya, a tura wa fiye da mutum ɗaya. Sannan abin da aka fi mantawa: a rubuta a wata takarda daban daga gidan wa ta fito, wa ya ba da ita, me tsofaffin gidan suka ce game da ita. Wasiƙa marar kwanan wata da aka raba da gidanta ta yi asarar rabin shaidarta.

Baƙo kuma in ya zo da kuɗi yana neman tsofaffin rubuce-rubuce, a san cewa dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Waɗanda suke aikin a kan ƙa'ida hoto suke ɗauka su bar wa mai abu abinsa. Haka shirin ceto takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya yi a Kaduna da Kano da Yola. Haka matasan Archivi.ng suke yi a Legas, inda suke ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Nijeriya shafi-shafi suna sakawa a intanet kyauta. Sai dai ƙarfinsu ya fi karkata ga jaridun Turanci, Alfijir da Sodangi kuwa sai mai jin Hausa da ajami ya tashi musu.

Jigawa tana da jami'a a Dutse, tana da wata a Kafin Hausa, tana da masarautu biyar da kowace ke da fada da magatakarda. Abin da ake buƙata bai wuce ɗaki guda busasshe ba, da na'urar ɗaukar hoto, da ma'aikaci ɗaya mai karanta ajami wanda mutane za su yarda su buɗe masa adaka, ya ɗauka ya mayar musu a ranar. Kafin hukuma ta motsa, mai karatu da ke da tsoho a gida ya tambaye shi abin da ke cikin akwatin nan tun yana iya faɗin wanda ya rubuta da wanda aka rubuta wa.